Haruffa Bakwai a Bangon Falonmu

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar rimin da nake fakewa, ruwan farkon damina a kan busasshiyar ƙasata. Zuwa ga mijina Yusha'u, wanda bakina bai taɓa iya furta sunansa ba sai dai alƙalamina. Amincin Allah ya lulluɓe ka a duk inda wannan takarda ta same ka.

Ka tuna Larabar nan, makonni uku da suka wuce, da ka dawo daga kotu tun kafin la'asar? Ina baranda ina kwashe shanya na hango ka kana saukowa daga keke mai ƙafa uku, yayyafi ya jiƙa kafaɗun baƙar kwat ɗinka, ka rungume wani abu a leda kamar mai ɗauke da jinjiri. Kwana biyu ke nan da likita ta ce mana ina da cikin wata biyu, kai kuwa tun ranar murna ta hana ka zama wuri ɗaya. Ka shigo kana dariya, ka ce in rufe ido. Na ji bugun guduma sau uku. Da na buɗe, sai ga firam mai gilashi a bangon falonmu, daidai saman kujerar da nake kishingiɗa in yi karatun littattafaina. A cikinsa kuwa layin nan guda na Turanci ne, wanda ke ƙasan wasiƙar da na aiko maka kafin aurenmu, wani mai hoto a bakin ƙofar jami'a ta Kongo ya ƙara masa girma. Layin da ya ce na yi maka alkawarin candour muddin ina numfashi.

Na yi fari da ido irin na matan cikin littattafai, na ce ka fassara mini, don na fi son jin ta daga bakinka. Ya masoyina, ban san ma'anarta ba! Fiye da shekara guda kalmar nan tana zaune a saman sa hannuna, ban taɓa buɗe ƙamus a kanta ba.

Ka zauna a hannun kujera, ka gyara murya kamar kana gaban alƙali. Ka ce Bature yana da kalmomin gaskiya iri-iri, kowace da wurin da take shiga. Akwai ta mutumin da ba ya ƙarya ba ya sata, wanda in ka tambaye shi zai faɗa maka. Wannan kuwa ta fi waccan tsada: ita ce mutum ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba, abin da in ya yi shiru babu mai sani, abin da faɗinsa shi kansa zai cutar. Ka ce ku lauyoyi wajibi ce a kanku a gaban alƙali: in ka san wani tsohon hukunci da zai karya hujjarka, ko da abokin karawarka bai gano shi ba, dole ka ɗauko shi da hannunka ka ajiye a gaban kotu. Ka ce ba a ɓata ta a kan ƙananan abubuwa, ba a cewa mai shinkafa ya yi ta don ya cika mudu. Ka ce asalinta wata tsohuwar kalma ce mai nufin fari tas mai sheƙi, wai ma kakansu ɗaya da kyandir. Sannan ka kama hannuna ka ce, "Ranar da na karanta wannan na ce wa kaina, Barista, yarinyar da ta san wannan kalmar ba ka da sauran bincike a kanta."

Ka ɗora tafinka a cikina ka ce, "Alhamdulillahi da ke AA ce. Wannan ba zai san azabar da marigayiya Yaya Atika ta sha ba."

A daidai wannan lokacin na ji warin man zafi. Ba ni da shi a gidan nan, kai ma ba ka da shi. Ya cika falon kamar an buɗe kwalbarsa a ƙarƙashin hancina, kai kuwa kana ta murmushi kana daidaita firam, ba ka ji komai ba.

Ya farin watana, bari in faɗa maka tun yanzu, kada hannuna ya gaza kafin in kai ƙarshe. Ni ba AA ba ce. Ni AS ce, kamar yadda kake. Takardar gwajin jinin da na kawo maka kafin a ɗaura mana aure tana ɗauke da sunana, amma jinin ba nawa ba ne. Layin da ke bango ma ba ni na rubuta shi ba.

Ka san yayata Atika da ciwon sikilarta. Ka gan ta a gidanmu na Tudun Jukun lokacin da kake zuwa zance, tana zaune a bakin ƙofar ɗaki cikin rigar sanyi ko da zafin bazara, idanunta rawaya kamar an shafa musu gangamau, tana tsokanarka, "Malam Lauya, yau ma shari'ar ba ta ƙare ba?" Ka ga yadda take tafiya tun da ciwon ya cinye mata ƙashin ƙugu: taku ɗaya mai nauyi, ɗaya kuma ja. Amma ba ka ga abin da na gani ba. Ba ka ga tana cusa bakin hijabinta a baki tana cizo don kada Inna ta ji kukanta ba. Ni na riƙa dafa mata ruwan zafi, ni na riƙa mulke mata gaɓoɓi da man zafi har tafin hannuna ya daina jin yajinsa. Saboda ganinta da ka yi ne ka gaya mini, a soron gidanmu, cewa kai AS ne, kuma ka yi wa kanka alkawari ba za ka auri mai irin jininka ba, ko da son ta zai kashe ka. Ka faɗa a hankali, idonka a ƙasa. Kai ka yi mini abin da kalmar nan take nufi tun ban tambaye ka ba.

Washegari na je na yi gwajin ni kaɗai. Da sakamakon ya fito na dawo gida na faɗa kan katifar Yaya Atika ina kuka kamar an yi mini mutuwa. Ta karɓi takardar ta duba, ta ce, "To, sai ki gaya masa." Na ce a cikin littattafai ƙauna tana rinjayar komai. Ta yi tsaki ta ce, "Uwar 'yan mafarki! A cikin littattafanki wa ya taɓa kwana goma ana ƙara masa ruwa a jijiya? Kalle ni da kyau, Bahijja. Ni ce shafin da marubutanku ba sa rubutawa."

Na ɗauki takarda da niyyar in gaya maka, Allah ne shaidata. Amma alƙalamin ya bi hanyar da ya saba. Shafi huɗu na cika da taurari da furanni da tantabaru, ban sa harafi ɗaya na abin da ya kamata ba. Yaya Atika ta karanta, ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari, sannan ta miƙo hannu na ba ta biro. Ita ce mai Turanci a gidanmu, kwanciyar asibiti ta sa ta karance duk abin da ya zo hannunta. Ta rubuta layin nan a ƙasa. Rubutunmu iri ɗaya ne, don ita ta riƙe hannuna ta koya mini tun ina 'yar aji ɗaya, shi ya sa ba ka gane ba. Na ce mene ne ma'anarsa? Ta ce, "Ki tambaye shi, ai lauya ne. In kuma Hausarsa kike so: ki buɗe tukunya da kanki kafin a ji ƙauri." Na ɗauka ado ne ta ƙara mini. Na liƙe ambulan ina murna.

Sauran kuwa da ƙawata Rahma muka yi. Ita AA ce, tsayinmu kuma ɗaya, ta sa niƙabi, ta je wani ɗakin gwaji da ba a san mu ba, ta ba da sunana, ta miƙa hannunta. Na tsaya a waje ina cin dafaffiyar gyaɗa, ina jin kaina kamar jarumar da ta ceci soyayyarta. Da Yaya Atika ta ga sabuwar takardar ba ta yi mini faɗa ba. Ta juya fuskarta bango ta ce, "Ba zan tona miki asiri ba, ba kuma zan taya ki rufewa ba. Amma zan jira." Wata uku bayan bikinmu, cikin sanyin marka irin wannan, Allah ya karɓi abarsa. Kai ka riƙe ni a ƙofar asibiti. Kai ka ɗauki makararta a kafaɗarka. Wayyo, ka san cewa a cikin kukan da na yi ranar akwai wani ɗan lungu na zuciyata da ya sauke ajiyar zuciya, don mutum ɗaya da zai iya magana ya tafi? Wannan ma ba ka tambaye ni ba. Ga shi na faɗa.

Na san matattu ba sa dawowa. An karantar da mu a Islamiyya, na kuma yarda. Don haka ban san sunan da zan ba abin da ke faruwa a gidan nan ba tun ranar da ka buga ƙusar nan. Zan faɗa maka kawai yadda yake.

Tun bayan ranar farko, ba ya zuwa in kana nan. Yana zuwa ne tsakanin azahar da la'asar, lokacin da unguwa ta yi tsit, masu acaɓa sun fake a ƙarƙashin rumfuna, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga indararo. Warin man zafi ne ke fara shigowa. Sannan gilashin firam ɗin ya yi raɓa, ba duka ba, daidai kan haruffan nan bakwai kaɗai, kamar wani ya matso da bakinsa ya huro musu numfashi. Na goge da gefen zanina, kafin in juya ya dawo. Na ce damshin bango ne, damina ce. Na sauke firam ɗin na kifa shi a kan tebur, na shiga kicin na ɗora sanwa. Da na fito yana nan a kife yadda na bar shi, amma da na ɗaga, raɓar tana ciki, ta ɓangaren takardar. Na mayar da shi kafin ka dawo, ka shigo ka ce ya ɗan karkace.

A mako na biyu na fara jin takun. Daga matakalar bene yake tasowa: ɗaya mai nauyi, ɗaya ja. Ɗaya mai nauyi, ɗaya ja. Yana hutawa a tsakiyar matakala, daidai inda takan tsaya ta riƙe ƙarfe sau biyun nan da ta iya kawo mini ziyara. Sannan ya biyo baranda, ya tsaya a ƙofar falo. Ba ya ƙwanƙwasawa. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na karanta Falaƙi da Nasi, na kunna karatun Alƙur'ani a waya, sai ya yi shiru, amma shirun mai jira ne, ba na wanda ya tafi ba. Ya abin alfaharina, da tsoratar da ni yake yi da ya fi mini sauƙi! Ba ya yin komai. Ita ma haka take: ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kallo kawai take yi har in ajiye abin da na ɗauka.

Na ce laulayin ciki ne, masu ciki suna jin wari suna jin motsi. Da wannan na riƙa lallashin kaina har shekaranjiya, da na sauka ɗebo ruwa a famfo na tarar da mai gidanmu Hajiya Mairama tana tsintar wake a ƙofar ɗakinta. Muka gaisa, ta tambayi jiki, sannan ta ce, "Amarya, wai baƙuwar nan taki mai ɗingishi ba ta iya gaisuwa ba ne? Kullum ina jin ta tana hawa, ban taɓa jin saukarta ba." Na ce wataƙila akuyar maƙwabta ce, Hajiya. Ta ce, "Akuya da silifa? Ke dai ki ce mata tsofaffi na ƙasa suna amsa sallama." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na bar bokitin yana ambaliya na hau sama.

Jiya na tsaya gaban firam ɗin ina son in goge raɓar, sai na ga fuskata a gilashi, a bayan rubutun. Fuskata ce, hancina ne, ɗankwalina ne. Idanun ne kawai rawaya. Ban yi ihu ba. Na daɗe ina kallonsu, sai na lura ba ni suke kallo ba, ƙasa suke kallo, inda ka ɗora tafinka. Nan na tuna abin da ma'aikaciyar jinya ta taɓa zana wa Inna a bayan katin asibiti: akwati huɗu, in uba da uwa duk AS ne, a kowane ciki ɗaya daga cikin huɗun nan na iya zama na ciwon. Ƙofa huɗu, a bayan ɗaya akwai hijabin da za a ciza. Ni kuwa na riƙo hannun ɗanka na kawo shi gabansu, kai kana can kana yi wa Allah godiya a kan takardar ƙarya. Wataƙila ya fito lafiya lau. Wataƙila ba haka ba. Amma in ya zo da ciwon, ya kamata ya tarar da uban da ya shirya, da likitar da aka gaya wa gaskiya tun ranar awo na farko, ba uwar da za ta riƙa cewa zazzaɓin haƙori ne ba.

Ka ga abin da kalmarka ta yi mini? Da ba ka fassara ta ba, da na ci gaba da cewa ai ban taɓa yi maka ƙarya da bakina ba, takarda ce ta yi. Da na ci gaba da jiran ranar da za ka tambaye ni, ina sane da cewa ba za ka taɓa tambaya ba, don ka yarda da ni kamar yadda ake yarda da alƙibla. Na laluba cikin Hausarmu ko zan sami wadda ta fi ta sauƙi in ɓuya a bayanta. Na ce ni mai riƙon amana ce, ban taɓa ɗaga ido na kalli wani ba. Na ce ni mai rufin asiri ce. Duk suka ba ni wuri na zauna. Wannan kaɗai ta ƙi, don ba ta tambayar abin da na faɗa, abin da na haɗiye take tambaya.

Littattafaina suna nan jibge a ƙarƙashin gado, makonni uku ban buɗe ko ɗaya ba. A cikinsu in mace ta yi irin wannan, mijin yakan yi fushi na babi biyu, ya hau mota ya tafi, sai a shafin ƙarshe ya dawo da fure. Ban san ko kai za ka dawo ba. Kai ba na takarda ba ne. Na san yadda muƙamuƙinka ke motsi in an yi maka ƙarya a wurin aiki, na san kana iya yini ba ka ce uffan ba. Ina tsoron wannan shirun fiye da takun da ke matakala. Ina tsoron ranar da zan zuba maka ruwan alwala ka karɓi butar ba tare da yatsunka sun taɓa nawa ba. Ina tsoron takarda mai layi ɗaya, wadda ba ta buƙatar firam.

Amma ina son ka! Ina son ka kamar yadda ƙoramar Kubanni ke cika ta tumbatsa a watan Agusta ba ta nemi izinin gada ba. Ina son ka kamar yadda dutsen Kufena ke tsaye, ko an kalle shi ko ba a kalle shi ba. Ina son yadda kake ɓare mini gasasshiyar masara kana hura yatsunka, da yadda kake karanta mini hukuncin kotu da muryar mai wa'azi don in yi dariya. Son nan ne ya sa na yi sata, na sace maka zaɓin da yake haƙƙinka. Shin irin wannan son yana da wani suna a ƙamus ɗinka? Shin zuciyar da ta san ma'anar fari tas za ta iya kallon zanen da ya yi tabo ta ce a wanke, kada a yar? Ba na roƙon ka ce ban yi laifi ba. Ba na roƙon ka yi sauri. Abu biyu kawai nake roƙo: kada ka ɗora wa Inna, ba ta san komai ba har yau, kuma duk hukuncin da za ka yanke a kaina, ka raka ni awo ranar Litinin, mu gaya wa likita tare, saboda wanda bai yi laifin komai ba.

In ka riƙe ni, ni taka ce har a sa ni a makara. In ka sake ni, ni taka ce a inda ba a rubuta saki, ba kuma zan bari ɗanka ya ji wata kalma a kanka daga bakina ba sai alheri. Alkawarin da ke bango da hannun wata aka ɗaukar mini shi. Yau na karɓe shi da nawa.

Yanzu ƙarfe uku saura. An ɗauke ruwa. Warin ya shigo tun ina shafi na biyu, takun kuma ya hau, ya huta a tsakiya, ya iso ƙofa. Yau ban kulle ba. Ban waiwaya ba, amma kujerar da ke bayana ta yi ƙara irin ta wanda ya daɗe a tsaye ya samu ya zauna. Na ɗaga kai na dubi gilashin, a bushe yake.

Takardar gwajina ta gaskiya, wadda na ɓoye a cikin murfin wani littafi fiye da shekara, tana cikin ambulan ɗin nan. Na haɗa kayana a akwati da safe don in tafi Tudun Jukun kafin ka dawo, na kuma kwance su. Ba zan tafi ba. Zan miƙa maka wannan da hannuna in ka shigo, in zauna a ƙarƙashin firam ɗin har ka gama karantawa.

Matarka, mai son ka a rufe da a buɗe,
Bahijja